Roƙon Tallafi Don Horar Da Malaman Ajin Ƙananan Yara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyaye, dattawa da 'yan uwa mazauna unguwar Mabera ta Sakkwato da kewaye, kwamitin makarantar Islamiyyar unguwarmu ne ke gaishe ku, tare da miƙo ƙoƙon bara.

A zangon da ya wuce mun shiga ajin share fage, inda 'yan shekara huɗu zuwa biyar suke. Yara suka rera baƙaƙe tun daga farko har ƙarshe, murya ɗaya, gwanin daɗi. Sai ɗayanmu ya rubuta "ɗ" a allo, ya tambayi wata yarinya wane harafi ne. Ta dubi allo, ta dubi malama, ta sa bakin hijabinta a baki. Duk ajin babu wanda ya sani. Waƙar suka haddace, harafin bai shiga ba.

Ba mu ga laifin malaman ba. Mata ne huɗu masu haƙuri, su ke share majina, su ke rarrashin mai kuka, amma sakandare kawai suka gama, babu mai takardar shaidar malanta ta NCE, kuma ba a taɓa nuna musu yadda ake koyar da ɗan ƙaramin yaro ba. Yadda aka koya musu, haka suke koyarwa. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, sai dai makarantar al'umma irin tamu, da guminmu take tafiya.

Shi ya sa muka yanke shawarar a horar da su a dogon hutu mai zuwa. Za mu gayyato masu koyar da fannin ilimin ƙananan yara su zauna da su. Za su koyi fara karatu da sautin harafi cikin Hausa, yadda yaro zai ji bambancin "baki" da "baƙi" kafin a ba shi fensir. Yadda ake zana harafi da yatsa a yashi, a yi ƙidaya da marfin kwalba, a yi tatsuniya sannan a tambayi yaro me Gizo ya yi. Wannan ba baƙon abu ba ne a Sakkwato. Nana Asma'u sai da ta karantar da jajis, wato matan da ke jagorantar karatu, kafin ta tura su ƙauyuka su karantar da mata.

Abin da muke nema: ladan masu horarwa, kuɗin kabu-kabu da abincin rana na malamai, sai kwali, alli, alƙalamin maka da tabarmi. Mai shago da zai ba da kaya maimakon kuɗi, muna maraba.

Ana karɓar gudummawa a ofishin makaranta da safe, ko wurin ma'ajin kwamiti bayan sallar Juma'a. Za a ba kowa rasit, kuma za a karanta lissafi a taron iyaye na gaba.

Allah ya saka da alheri, ya shirya mana zuri'a.

Kwamitin Makaranta