Zuwa Ga 'Yata, Kan Bin Sawun Kakanta Soja

Assalamu alaikum, Mamana.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da karatu. Saƙonki ya iso, na kuma yi farin ciki da niyyar da kika ɗaura ta tattara tarihin kakanki, mahaifina, da ya je yaƙin Bama (ƙasar Burma, wato Myanmar ta yau) a Yaƙin Duniya na Biyu, da na Goggo ƙanwarsa da ta yi aikin jinya lokacin yaƙin basasa. Allah ya yi miki albarka. Aiki ne da ya daɗe yana neman mai yinsa a gidan nan, shi ya sa na zauna na rubuto miki a tsanake, don ki riƙa dawowa kan maganar duk lokacin da kika buƙata.

Kin tambaye ni wane shafi za ki fara buɗewa a intanet. Kada ki fara da intanet. Takarda tana nan inda aka ajiye ta, ko bayan shekara ashirin za ki same ta, tsoho kuwa ba ya jira. Goggo tana raye da hankalinta, ita ce kuma ta rage cikin waɗanda suka ga dawowar kakanki da idonsu. Ki je wurinta tun yanzu. In kin je, kada ki ce mata "ba ni labarin yaƙi", don za ta ce miki babu wani labari, ta kawo zancen wani abu. Ki tambayi ƙananan abubuwa. Wa ya raka shi ranar tafiya? Da wane kaya ya dawo? Waɗanne sunayen garuruwa yake yawan ambata? Su wa da wa cikin 'yan mazan jiya suke zuwa hira wurinsa? In ta yi shiru, ki bar ta da shirunta, kada ki cike gurbin da wata tambaya. Ki nemi izininta kafin ki kunna rakodar waya. Daga baya ki rubuta ranar da kuka yi hirar, ki kuma raba abin da ta gani da idonta da abin da aka gaya mata. Wannan rabewar ita ce ginshiƙin aikin gaba ɗaya, zan dawo kanta.

Daga nan sai akwatin ƙarfen da ke ɗakina. A ciki akwai takardar sallamarsa daga soja, ɗan littafi ne da gefensa ya cinye, da lambobin yabonsa a ƙulle cikin tsumma. Abin da ya fi komai daraja a littafin nan shi ne lambarsa ta soja, wadda ta fara da haruffan NA, alamar sojan Najeriya, kamar yadda na Gwalkwas, wato Gana ta yau, suke farawa da GC. Ki kwafe ta a wuri uku. Dalili kuwa, suna kaɗai ba ya kai mutum ko'ina a takardun sojan Turawa. Akawun da ke ɗaukar kurata yakan rubuta sunan yanka ne ya liƙa masa sunan gari ko na ƙabila, saboda haka a bataliya guda sai ki tarar da mutum da yawa masu suna iri ɗaya. Ga kuma rubutun da ba ya tsayawa wuri ɗaya: Audu ya zama Awudu, Garba ya zama Garuba, Mamman ya zama Momo. Wasu ma da gangan suka ba da sunan da ba nasu ba, don kada iyaye su biyo sawu su mayar da su gida. Lamba ce kaɗai ba ta canzawa.

Lambobin yabon ma suna magana. Tauraro mai tsini shida da ƙyallensa yake shuɗi mai duhu da ja a tsakiya da ratsin ruwan lemo, shi ne tauraron Bama. Wanda ƙyallensa yake launin yashi da ja a tsakiya na Afirka ne, ana ba waɗanda suka yi yaƙi a Arewacin Afirka ko Habasha da Somaliya. Sai dai ki sani Ingila ba ta buga suna a jikin irin waɗannan lambobi na Yaƙin Duniya na Biyu ba, saɓanin na yaƙin 1914 zuwa 1918 da ake samun suna da lamba a bakinsu ko a bayansu. Don haka tauraro shaida ce ta inda aka je, littafin sallama kuma shi ke tabbatar da wanda ya je.

Kafin ki shiga ɗakunan ajiyar takardu, ki san fasalin rundunar da ya yi wa aiki, in ba haka ba za ki yi ta karanta lambobi ba ki gane komai ba. Rundunar sojan Afirka ta Yamma da Ingila ta kafa a 1897 a ƙarƙashin Lugga ita ce uwar, sojan Najeriya kuma reshenta ne. Hausa ce ma harshen bariki shekaru masu yawa, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta. A yaƙin farko an kai su Kamaru da Gabashin Afirka su kara da Jamus. A na biyu, sojojinmu suna cikin waɗanda suka kwace Mogadishu daga hannun Italiya a Fabrairun 1941, suka nausa har cikin Habasha. Sannan a 1943 aka haɗa manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82, aka ɗauke su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa Bama don yaƙi da Japan. Ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, alamarta baƙin gizo-gizo a kan rawaya. Ta 82 ta biyo baya a yankin Arakan, alamarta māsu biyu a giciye kan gammo. Su biyun suka haɗu wajen cin Myohaung a Janairun 1945. An kuma zare bataliya uku na Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, aka haɗa su da dakarun Chindit na Janar Wingate da ake saukewa ta sama a bayan abokan gaba. Sunayen nan ba baƙi ba ne gare ki, ko da ba ki lura ba: barikin Chindit a Zariya, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Dodan da Myohaung da Arakan a Ikko, duk daga yaƙin nan aka samo su. In Goggo ta ambaci wani baƙon suna da kakanki ke faɗa, ki gwada shi da waɗannan.

Ki duba hotonsa da kyau, wanda yake sanye da kaki da hula mai faɗin baki. In aka dace alamar kafaɗa ta fito, kin san rundunarsa. In kin san bataliya, to ƙofa ta buɗe, domin kowace bataliya tana da littafin da hafsoshinta ke rubuta abin da ya faru kullum. Waɗannan littattafai suna ma'ajiyar takardun gwamnatin Ingila a Kew, cikin birnin Landan. Na fagen Bama suna ƙarƙashin lamba WO 172, na yaƙin farko WO 95, shawarwarin ba da lambar jarumta kuma WO 373. Kada ranki ya ɓaci in kin karanta shafi bayan shafi ba ki ga sunansa ba. An saba ambaton hafsa Bature da sunansa, sojan Afirka kuwa sai dai a ce mutum kaza sun mutu, kaza sun ji rauni. Duk da haka littafin zai gaya miki inda bataliyarsa ta kwana a rana kaza, wane kogi suka haye, yaushe jirgin sama ya jefo musu abinci, yaushe bai jefo ba. A nan gida kuma akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna da Ibadan da Inugu, akwai Arewa House, akwai tsoffin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara a 1939 tana kawo wa mutane labarin yaƙin da Hausa. Ki leƙa ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya ma.

Shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda ake taƙaita sunanta CWGC, na waɗanda suka mutu a lokacin yaƙin ne kawai, don haka kakanki ba ya ciki. Amma abokansa da yake yi wa addu'a suna iya kasancewa. Wasu suna kwance a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, inda aka zana sunayen kusan mutum 27,000 da ba a san kabarinsu ba, wasu a Chittagong da Maynamati a ƙasar Bangaladash. Hukumar da kanta ta amsa a 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin farko, galibi 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a tuna da su da suna ba. Wannan ya isa ya nuna miki cewa rashin ganin mutum a takarda ba hujja ba ce ta cewa bai je ba.

Akwai abin da nake so ki shirya wa zuciyarki. Mai yiwuwa ne takarda ta nuna miki aikin da bai kai wanda ake faɗa a gida armashi ba. Dubban waɗanda suka je Bama ba masu harbi ba ne. Akwai direbobi, da masu dafa abinci, da masu saran hanya da adda, da 'yan dako da ke ɗaukar harsashi da abinci a ka cikin tsaunukan da mota ba ta shiga. Gammon da ke alamar runduna ta 82 saboda su aka sa shi. In ta bayyana kakanki cikinsu yake, ki rubuta hakan kanki a ɗage. Mutumin da ya hau dutse da akwatin harsashi a kansa ana ruwan wuta, ba shi da abin ramawa, ban ga wanda ya fi shi zuciya ba. Kada ki ƙara masa igiya ko ɗaya a hannu wadda bai samu ba, kada ki sa masa maganar da bai faɗa ba. Ki kuma guji masu cewa ai sojan haya ne na Bature. Wasu sun shiga don neman abin kai wa baki, wasu don ganin duniya, wasu kuwa hakimai da dagatai ne suka miƙa su don cika adadin da aka ɗora musu. Ki nemi dalilinsa shi, in bai samu ba ki bar gurbin a buɗe.

Yanzu zancen masu jinya, wanda na fi jin tsoron ki yi wa riƙon sakainar kashi. Littattafan yaƙi sun cika da fafatawa, alhali a Bama cuta ta fi harsashi kwantar da mutane nesa ba kusa ba. Janar Slim, shugaban runduna ta 14, babbar rundunar Ingila a fagen Bama, ya ba da lissafin cewa a 1943 duk mai rauni ɗaya da aka kai asibiti akwai marasa lafiya 120. Zazzaɓin cizon sauro ne, da atini, da gyambo. Ƙwayar mefakirin, maganin zazzaɓin cizon sauro da ake tilasta wa soja sha kullum har rina fata take yi ta koma rawaya. Wanda ya dawo gida da rai, to hannun wani ne ya riƙe shi: nas-nas na sojan Ingila a manyan asibitoci, da kuma 'yan Afirka maza, diresoshi da masu ɗaukar majinyata a gadon hannu, waɗanda su ne na farko da ke isa ga wanda ya faɗi. Sunayensu sun fi na kowa wuyar samu.

Goggo kuwa zamaninta daban ne, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, kuma shaidarta tana kusa. Ki nemi takardar makarantar da ta koyi jinya, da lambar rajistarta a hukumar nas-nas da ungozoma ta ƙasa, da hotunan 'yan ajinsu, ki sa ta faɗa miki sunan kowa a hoton ki rubuta a wata takarda daban, kada ki taɓa bayan hoton da biro. Ki tambaye ta yadda ake karɓar masu rauni in mota ta iso da dare, da abin da suke yi in magani ko bandeji ya ƙare, da yadda suke tafasa allura, da wanda ke rubuta wa soja wasiƙa in hannunsa ba ya moruwa. Na taɓa ganin ta tana naɗe bandeji tana hira, ba ta ko kallon hannunta, yatsun na tafiya da kansu, sai ta tsaya cak ta ce akwai yaron da ya riƙe mata hannu har asuba yana kiran uwarsa da harshen da ba ta ji. Ba ta ƙara komai ba. Irin wannan in ta ba ki, amana ce. Sirrin majinyaci ba ya tsufa, don haka kada sunan mara lafiya ko ɗaya ya fito a rubutunki. Yaƙin basasa kuma ciwo ne da bai gama warkewa ba a zukatan mutane ta kowane ɓangare, ki rubuta shi da harshen da ɗan wanda ke wancan gefen zai iya karantawa ba tare da ya ji an taka kabarin ubansa ba.

In kin zo rubutawa, kowace magana ki nuna tushenta a cikin jimlar kanta: takardar sallama ta ce, littafin bataliya ya ce, Goggo ta gani, Goggo ta ji daga yayanta. Inda maganar baki da ta takarda suka saɓa, ki kawo duka biyun. Tsoho yakan haɗa shekara biyu ya mayar da su ɗaya, akawu ma yakan yi kuskure, wani lokaci yakan rufe abin da bai yi wa manyansa daɗi ba. In kuma kika ci karo da abin da ya shafi mutuncin wani da ke raye, aure ne ko bashi ko hukuncin da aka yi wa wani a bariki, ki kawo mini mu zauna da manyan gida kafin ya shiga takarda.

Zan sa ƙaninki ya ɗauki hoton kowane shafi na littafin sallamar ya turo miki, amma ainihin littafin ba zai bar gida ba sai kin zo da kanki. Na gaya wa Goggo kina tafe, ta ce ki zo da safe, lokacin ta fi jin ƙarfin magana. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki.

Allah ya jiƙan kakanki da abokan tafiyarsa, ya ba ki sa'a.

Mahaifinki.