Rahoton Kwamitin Gyaran Jirgin Faiba na Ƙungiya a Tafkin Jabi

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya da 'yan uwa, assalamu alaikum. Aikin da kuka ɗora mana ya kammala, jirgi ya koma ruwa.

An miƙa mana shi a kan fenti da gyaran inji kawai yake buƙata. Da aka ƙwanƙwasa bangon baya, inda ake rataya inji, sai aka ji holoƙo. Aka huda da siririn ƙarfe, garin katakon da ya fito baƙi ne, a jiƙe, yana wari. Filawud ɗin da ke tsakanin fatun faiba biyu (faiba zaren gilashi ne da aka daskarar da gam) ya ruɓe. Ta ramukan ƙusoshin inji ruwa ya daɗe yana shiga, domin an ɗaure su ba a liƙe ba. A ganinmu, ɗaukar fasinja a haka kasada ce da rayuka.

An yanke fatar ciki kaɗai, an bar ta waje don kada siffar jirgin ta gurɓace. An kankare ruɓaɓɓen katakon tas, aka bar wurin ya sha iskar hunturu mako uku, don rezin, ruwan gam ɗin da ake jiƙa faiba da shi, ba ya kama wuri mai danshi. Sannan aka manne filawud na ruwa falle biyu, kowanne milimita 18, aka tsayar da bangon a inci 20 daidai da doguwar ƙafar injin. A kai aka shimfiɗa tabarmar faiba mai giram 450 sau huɗu, ana murzawa da rola har iska ta fita. Duk inda ya yi fari, rezin bai ratsa ba, sai an gurje an sake.

Kwaɓin rezin na farko ya lalace. An kwaɓa da yawa da tsakar rana, ya ɗau zafi ya daskare cikin roba. Daga nan aka koma rabin kilo-rabin kilo da sassafe, maganin da ke sa shi daskarewa mililita 10 a kowane kilo. Ramukan ƙusoshi kuwa an faɗaɗa su, an cike da ifoksi, wani gam mai ƙarfi, an sake hudawa a tsakiya, yanzu ruwa ba shi da hanyar taɓa katako.

An goge jiki da samfefa 80, 120, sai 220. Saboda ƙura, an kewaye wurin da tamfol ana yayyafa ruwa a ƙasa kafin fesa fenti.

Injin Yamaha ne mai ƙarfin doki 40. An wanke kafireta, an canza filogi da farfelar robar famfon ruwa. Man giya ya fito kamar madara, alamar ruwa ya shiga, don haka an sauya robobin da ke tare shi. An ƙara rumfa, benci biyu, da akwatin rigunan ceto.

Direbobi, don Allah rabin lita na man haɗi a lita 25 ta fetur, kuma kada a tashi sai an ga ruwan sanyaya inji yana tsartuwa ta baya.