Gaisuwar Babbar Sallah daga Birmingham

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Mun yi Idi a filin Small Heath, cikin yayyafi, jama'a maƙil, yawanci 'yan Pakistan da Somaliyawa, mu Hausawa ba mu fi a ƙirga ba. Layya kuwa a nan ba a yanka a gida. Kuɗi ake ba mahauci, daga baya a karɓo nama a leda. Ba babbaka, ba suya a tsakar gida. Inna, a ajiye min dambun nama.

Auta ya turo min saƙo wai "look for" na rikita shi a darasin Turanci, ga jarrabawa ta matso. Auta, buɗe kunne. "Look" kaɗai duba ne, amma ƙaramar kalmar da ke bin ta ita ke juya ma'ana. "Look for" nema ne: akuya ta ɓace ka bi unguwa kana cigiya, ko neman aiki. "Look at" kallo ne. "Look up" shi ne ka buɗe ƙamus ka duba kalma. "Look after" kuma kula da mutum ne, kamar yadda Inna ke yi da Kaka.

Na ƙarshen nan ya taɓa kunyata ni. Ranar da na je ganawar aikin kula da tsofaffi, matar ta tambaye ni ko na taɓa irin aikin. Na gyara zama na ce "I looked for my grandmother for three years." Sai na ga ta dafe ƙirji, ta tambaye ni cikin tausayi ko an gan ta daga baya. Ashe cewa na yi shekara 3 ina cigiyar Kaka! Da muka fahimci juna har hawaye ta yi don dariya. Aikin dai na samu, alhamdu lillahi. Kada a gaya wa Kaka na ɓatar da ita a Ingila.

Na turo goron Sallah ta hannun Yaya, a raba wa yara har da na gidan Kawu. Maganar auren da Inna ta taso a waya kuwa, wannan neman a bari sai na zo.

A gaida Kaka da kowa da kowa.

Ɗanku