Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram: a duba lafiyar tsofaffin gine-ginen Birni

Allah ya ja zamanin Sarki,

Ina gaisuwa da ban girma. Ni ɗan Birni ne, jikan magini, kuma tun da tsohon masallacinmu ya zube a ruwan watan Satumba na 2024 hankalina bai kwanta ba. Gini ne da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, kakanninmu suka yi salla a cikinsa, muka wayi gari ya zama tulin ƙasa. Bango kuwa ba ya faɗuwa bagatatan, yakan daɗe yana nuna alama. Shi ya sa nake roƙon a duba sauran kafin su bi sahu.

Hanyar duban da nake nufi ita ce wadda ƙasashen girgizar ƙasa suka ƙware a kai. Za a ce me ya haɗa Damagaram da girgizar ƙasa, mu da ke zaune a kan duwatsu? Gaskiya ne, Allah ya sauƙaƙa mana, ko da yake a 1983 ta kashe ɗaruruwan mutane a Gini, nan Afirka ta Yamma. Amma su can tsada suka sayi wannan ilimi. A watan Disamba na 2003 garin Bam na Iran, mai ganuwar ƙasa irin tamu, ya rushe, mutane sama da 26,000 suka rasu. A Satumba na 2023 girgizar Maroko ta ci rai kusan 3,000, ta ragargaza masallacin Tinmel da aka gina a ƙarni na 12.

Abin da suka gano, ranka ya daɗe, kowane magini zai gane shi. Ginin tubali ko na dutse yana ɗaukar nauyin da ke danno shi daga sama, amma ba ya jure turi daga gefe. Inda ya fi rauni shi ne kusurwa: idan bango biyu ba su kama juna sosai ba, sai ɗaya ya rabu ya kife, rufin kuma ya biyo shi. Rufin soronmu nauyi gare shi, don kowace shekara ana ƙara masa yaɓe, alhali azarar da ke ɗauke da shi wataƙila gara ta cinye ƙarshenta a cikin bango inda ido ba ya kaiwa. Saboda haka masu duban sukan fara da zana ginin daki-daki, su saki igiya mai nauyi su ga ko bango ya karkata, su liƙa alama a kan kowace tsaga su rubuta kwanan wata don a san ko tana buɗewa, su auna damshin gindin bango. Akwai ma ƴan na'urori da ake ajiyewa su ji yadda gini ke motsi idan iska ta kaɗa ko babbar mota ta wuce. Raunin da girgiza ke tonawa cikin daƙiƙoƙi, shi ne ruwa ke tonawa a nan cikin shekaru.

Abu ɗaya da ke ci mini rai shi ne siminti. Mutane na shafa shi a bangon ƙasa da kyakkyawar niyya, amma yana tsare damshi a ciki, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, waje kuma sumul. Makuba da kakanninmu ke yaɓe da ita tana barin bango ya sha iska.

Tun 2006 Birni da fada suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO don neman a sa su cikin wuraren tarihi na duniya, Agadas kuwa ta samu shiga cikinsu a 2013. Me za mu nuna wa baƙi idan zaurukan sun ƙare?

Roƙona, Allah ya ba ka nasara, a kira Sarkin Magina da dattawan sana'ar, a haɗa su da injiniyoyi da ɗaliban Jami'ar André Salifou, su bi gini-gini, su ware wanda ke buƙatar tokara yau da wanda gyaran indararo kawai zai ishe shi. Maganar Sarki ce kaɗai za ta buɗe musu ƙofofin gidajen da ba a shiga. A fara da fada kanta, cikin rani, tun ruwan farko bai sauka ba.

Talakanka,
Wani ɗan Birni, Damagaram