Sai da firij ya mutu muka tuna da randa

Assalamu alaikum Malam Edita, Allah ya ƙara basira. Ina rubuto muku ne daga Gadarif a nan Sudan, mu ne jikokin waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar Hajji suka yada zango a hanya, wasu a Mai Wurno wasu a nan.

Tunda yaƙin nan ya ɓarke a watan Afrilun 2023 wutar lantarki ta zama sai an ga dama, ga gidaje cike da baƙi musamman bayan da mutanen birnin Wad Madani na nan Sudan suka gudo ƙarshen shekarar, firij ɗinmu kam ya koma kabad ɗin ajiye kwanuka. Toh wa ya cece mu? Randa, wadda Larabawan nan ke kira zir, wadda da matasanmu ke cewa kayan ƙauye ce. Yumɓu ne kawai, ruwa na tsatsafowa ta jikinta iska na busarwa, cikin ya yi sanyi ƙarara ko a zafin watan Mayu. Har dabarar nan ta marigayi Mohammed Bah Abba na Najeriya da ta ba shi kyautar Rolex a 2000 matata ta gwada, ƙaramar tukunya cikin babba, a zuba jiƙaƙƙen yashi tsakani a rufe da tsumma mai lema, tumatir ya kwana biyu bai ruɓe ba.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke yi wa masu sana'ar. A unguwarmu maginiya ɗaya ta rage, tsohuwa ce tukuf, ita za ta nemo ƙasa ta kwaɓa ta gina ta shanya ta gasa, wata ma ta fashe a wuta, amma mutum ya zo yana taya randa kamar yana tayin albasa, alhali bokitin roba ko musu baya yi. Haka masu saƙar faifai da tabarma da mafici na kaba, kwana da kwanaki suna abu ɗaya har yatsu su yi kanta.

Na tambaye ta, Inna wa kika koya wa? Dariya ta yi, wai jikokin nata sun ce laka na ɓata lalle.

Dan Allah Malam Edita ku tura wakilinku wajen maginan tukwane na can gida ya jiyo mana ko su suna da magada, ni dai tawa ƴar na fara kai ta wajen Inna duk ranar Juma'a.

Naku,
Mai karatu daga Gadarif