Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan Katsina kan abincin tsofaffi masu ciwon suga

Mai girma Gwamna Malam Dikko Umaru Raɗɗa, assalamu alaikum. Allah ya taya riƙo.

Ranka ya daɗe, tsofaffinmu masu ciwon suga ana ba su magani, amma babu mai zaunar da su ya koya musu abin da za su ci. Dattijo zai yi sammako daga Rimi ko Batagarawa, ya bi layi, a auna shi, a rubuta masa ƙwaya, a ce "Baba, a bar shinkafa, a bar zaƙi", sai a kira na gaba. To ya bar shinkafa ya koma ina? Gidansa koko ne da safe, fura da rana, tuwon masara da dare, kuma duk hatsi ne.

Da asibiti ya yi shiru, sai jita-jita ta karɓe aikin. An ce alkama magani ce, sai ka ga tsoho ya tasa malmala uku a gaba yana ganin ya tsira, alhali ita ma tana ɗaga suga idan aka cika ciki. An ce zuma ba ta da illa, kuma tana da ita. Ga masu lasifika a kasuwa suna sayar da jiƙon da wai yana kashe ciwon har abada. Wasu kuma tsoro ne ke hana su ci sam. Mahaifiyata tana cikinsu. Ta rage abinci har ta rame, tana kuma shan ƙwayarta da wofin ciki. Wata rana muka tarar da ita a kan darduma tana rawar jiki, gumi ya jiƙa mayafinta, ba ta gane mai yi mata magana. Suga ne ya faɗi. Babu wanda ya taɓa gaya mana cewa idan awon sugan jini ya sauka ƙasa da 70 (mg/dL) a na'urar gwaji haɗari ne na nan take, kuma a irin wannan lokacin zaƙin da ake gudu shi ne ceto, muddin mutum yana iya haɗiya.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ilimin nan ba tsada gare shi ba. Rabin kwano ya zama ganye: zogale, rama, yakuwa, kabeji. Tuwo kada ya wuce dunƙulen hannun mai ci. Sauran gurbin a sa wake, ƙwai ko kifi. Fura a dama kaɗan ba sukari, lemon kwalba a haƙura da shi, kuma mai shan magani ba ya tsallake abinci. Duk ana samunsu a kasuwanninmu. Amma sai an lura da halin tsufa: wanda haƙoransa suka zube kunu da koko yake so, su kuwa sun fi saurin ɗaga suga. Kuma tsoho ba shi ke girki ba. Idan ba a koya wa uwargida ko surukar da ke riƙe da tukunya ba, an yi aikin banza. Haka azumi: tsoho na buƙatar a duba shi tun cikin Sha'aban, a gaya masa ko zai iya, da yadda zai yi buɗa-baki.

Ka yi alkawarin ingantacciyar cibiyar lafiya a kowace mazaɓa cikin 361 na jihar nan. Muna tuna maka, kuma muna roƙo don girman Allah kada aikin ya tsaya a gini da gadaje. Dattijon da aka yanke wa ƙafa saboda gyambon da ya ƙi warkewa ya yi shekaru yana zuwa asibiti kafin a kai ga haka.

Akwai tsadar allurar insulin da tsinken gwaji tun hawan farashi na 2023, akwai ƙarancin ma'aikata a ƙauyuka, amma waɗannan sai wani jiƙon.

Abin da nake nema yanzu: a ware rana ɗaya a wata a kowace cibiya, ma'aikaci ya zauna da tsofaffi da masu yi musu girki, da kwano da ludayi a gabansa, ya nuna musu da Hausa. A buga takarda mai hotuna da boko da ajami, a ba likitoci fili a gidan rediyon jiha. Ka ba Ma'aikatar Lafiya umarni a fara kafin 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga ta duniya.

Wassalam.
Ɗan Katsina mai jinyar mahaifiyarsa