Hular kwano da jaket daidai jikin mata sun gagara a Legas

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a. Don Allah ka ba ni ɗan fili in kai kukana kan wani abu da wasu za su ɗauka wasa ne, ni kuwa ya kusa kai ni asibiti.

A Agege nake zaune, turaren wuta da humra nake sayarwa, kuma da ɗan babur ɗina nake kai wa kwastomomi kaya, Abule Egba, Iyana Ipaja, cikin unguwanni dai, don tun da aka hana okada a su Ikeja da Surulere da Apapa a watan Yunin 2022 ban ƙara yarda na leƙa can da mashin ba, kar a kama a kai a murƙushe min shi. Tuƙin bai dame ni ba, tun ina budurwa yayana ya koya min. Abin sawa ne ya gagara.

Hular kwano tukuna. Na zaga shaguna sun fi biyar duk L da XL ne, in na saka na girgiza kai sai hular ta juya ni kuma ina nan, wani mai shago har cewa ya yi wai Hajiya ki cusa ɗankwali a ciki za ta zauna. Haba malam, to meye bambancinta da ƙwaryar da 'yan acaɓa suka dinga kifawa a ka a 2009 lokacin da aka tilasta saka hula? Sai daga baya na gane ashe awo ake yi, ki ɗauki tef ɗin tela ki zagaya kai ta saman gira, nawa santimita 55 ne wato S, kuma ya kamata ta ɗan matse kumatu. Sannan ga kitso, ranar da na yi shuku ko shiga ba ta yi, dole na koma kitso kwantacce mai tafiya baya. Masu duba tambarin DOT ko ECE, wato shaidar inganci, a bayan hula su sani shi ma ana buga na jabu a manna, in kin ɗaga hula kin ji ta shafal kamar robar wanka ki ajiye musu kayansu.

Abin da ya sa na ɗauki biro ma shi ne hijabi. Wata ranar Laraba ina saukowa wajen Pen Cinema da dogon hijabina har ƙasa, ban ankara ba iska ta tura gefensa cikin tayar baya, sai ji na yi an fizge min wuya ta baya kamar an shaƙe akuya, Allah ya so ni gosulo ake yi ba gudu nake ba, kuma yadin mai araha ne ya yage. Wata mai gasa masara ce ta taso ta warware min shi daga cikin cen ɗin mashin tana ta faɗa da Yarbanci, ni kuwa jiki sai rawa yake. Sati biyu ina fama da shatin wuya. Tun daga ranar ƙaramin hijabi nake sawa in tura shi cikin jaket, da wando a ƙasa, dogon yana cikin akwatin baya sai na sauka in zura.

To jaket ɗin kuma fa. A Katangowa na samu na gwanjo, na maza ne, kafaɗa ta yi min yawa, ƙugu kuma zif ya ƙi rufuwa, robar nan da aka saka don ta tare gwiwar hannu ta zame ta koma wajen tsintsiyar hannu, ka ga in an faɗi ba abin da za ta tare. Waɗanda ake tallatawa a intanet wai na mata, gajeru ne cas a jiki iya cibiya, ɗinkin Turawa, kuɗin kuma da dala, in ya zo bai yi miki ba wa za ki kama. Ga zafin Legas, ta fata ba ta sawuwa sai mai raga-raga. Safar hannu ma yatsun sun fi nawa tsawo, in zan kama birki sai bakin ya lanƙwashe.

Ƙarshe telana na kai wa, ya cire robobin ya ɗinka min su a wata doguwar riga ta yadin jins mai kaiwa cinya, allura biyu ya karya yana mita, amma wallahi ta fi ta kasuwar zama a jiki, duk da na san ƙarfinta bai kai na kamfani ba.

Don haka roƙona ga 'yan kasuwarmu masu sauke kaya daga Chana da Dubai, a dinga haɗowa da S da XS ko katan ɗaya ne, ko matan da ake goyawa a baya ma suna buƙata. Teloli kuma na Agege da Idi Araba ku duba ɗinkin nan, mu uku ne yanzu a layinmu masu mashin, kuma biyun tuni sun ce in kai su wajen nawa.

Na gode.

Wata mai karatu daga Agege, Legas